Alƙali fassara doka yake ko rubuta tasa?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah masu ilimin shari'a su amsa min da Hausa ba da turancin kotu ba. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli 2024, wanda ta ce a riƙa tura kuɗin ƙananan hukumomi 774 kai tsaye asusunsu ba sai sun bi ta hannun gwamnoni ba, ni kaina na yi murna da shi don duk wanda ya taɓa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma a ƙauye ya san halin da ake ciki. To amma na buɗe kundin tsarin mulkin 1999 da kaina, sashe na 162 ƙaramin sashe na 5 ya ce kuɗin jihohi za a ba don amfanin ƙananan hukumominsu, na 6 kuma ya ce kowace jiha sai ta buɗe asusun haɗin gwiwa can za a zuba kuɗin. Ba a goge wurin ba, majalisa ba ta gyara ba. To ta ina alƙalai suka samo "kai tsaye"? Fassara suke ko sabuwar doka suke rubutawa?

Abu Hanan: Wa alaikumus salam. Rubutawa suke mana, kai ma ka san amsar kafin ka tambaya.

Barista Arkilla: Abu Hanan ka yi haƙuri mu bi abin a hankali. Ɗan Mabera tambayarka ita ce lauyoyi da kansu suke ta musu a kai tun ranar da aka karanta hukuncin. Ka fara da wannan: sashe na 4 ya ba majalisa ikon yin doka, sashe na 6 ya ba kotu ikon yin shari'a, to amma doka ba ta tashi ta yi magana da bakinta, sai mutum biyu sun zo gaban alƙali kowa ya ce ga abin da rubutun ke nufi, kuma alƙali ba shi da damar cewa ku tafi ban gane ba, dole ya zaɓi ɗaya.

Hanyoyin da muka gada daga Ingila kusan uku ne ake yawan ambata. Ta farko a ba kalma ma'anarta ta yau da kullum, in magana a fili take shikenan a bi ta ko da sakamakon bai yi daɗi ba. Akwai shari'ar da aka yi a can 1868, doka ta hana mutum ya yi sojan gona da sunan wanda ke da haƙƙin jefa ƙuri'a, wani ya je ya jefa da sunan mamaci, kotu ta sake shi don mamaci ba shi da haƙƙin ƙuri'a. Ka ga an bi harafi amma an bar ɓarawo ya wuce. Ta biyu, a bi harafin sai inda zai kai ga abin da hankali ba zai ɗauka ba, nan sai a karkata. A wata shari'a ta 1935, wani ya kashe mahaifiyarsa kuma dokar gado ta ce ɗa ke gado ba ta ware kowa ba, kotu ta ce majalisa ba ta yiwu ta nufi mai kisa ya ci dukiyar wadda ya kashe, aka hana shi. Ta uku ta fi su tsufa, tun 1584, alƙali ya tambayi kansa wace ɓarna ce aka yi dokar don a toshe, sai ya karanta ta yadda za ta toshe ɓarnar.

Hukuncin ƙananan hukumomi ta ukun nan ya bi. Mai shari'a Emmanuel Agim da ya rubuta babban hukuncin ya kafa hujja da cewa manufar kundin ita ce kuɗin su isa ga ƙananan hukumomi, bi ta jiha hanya ce kawai ta isar da su, tunda jihohi sun riƙe kuɗin sun kuma naɗa kantomomi alhali sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu, to hanyar ta kashe manufar, don haka a biya kai tsaye.

Baba Alhaji Runjin Sambo: Ku yara ba ku ga komi ba. Mu da munka yi zaɓen 1979 mun san wanga rikici tun kahin a haihi wasunku. Lokacin jihohi 19 na, doka tac ce sai ɗan takara ya samu rubu'in ƙuri'u ga aƙalla kashi biyu bisa ukku na jihohi. Alhaji Shehu Shagari, Allah shi jiƙan shi, ya samu ga jiha 12 cif, sai Kano ta Malam Aminu, can bai kai rubu'i ba. To biyu bisa ukku na 19 nawa na? Awolowo yac ce 13 na, don jiha ba ta tsaguwa. Lauyan Shagari, Akinjide, yac ce a'a, 12 da biyu bisa ukku na, lissahi lissahi na. Kotun Ƙoli ta bi ta Akinjide ranar 26 ga Satumba, ranar 1 ga Oktoba anka rantsar da shi. Mu nan Sakkwato murna munka yi, mutanen Ikko da Badun kau har yau ba su hwaɗin alheri ga wanga hukunci.

Ɗalibin Lauya: Baba Allah ya ƙara girma, wannan shari'ar muna karanta ta a aji. Ƙuri'un Kano gaba ɗaya 1,220,763 ne, aka ɗauki biyu bisa uku ya zama 813,842, rubu'insa 203,460 da ɗoriya, shi kuma Shagari yana da 243,423 wato kashi 19.94 na jimla, sai aka ce ya haye. Inda abin ke ɗaure min kai shi ne an rage jimlar ƙuri'un jihar amma ba a rage nasa ba, an ƙirga masa duka. Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya ƙi amincewa da hukuncin, ya ce 13 ne kuma bai cika ba. Da izininka Baba, ni hujjar Eso ta fi kwanta min.

Baba Alhaji Runjin Sambo: Ɗana ba ka yi laihi ba. Amma ka tuna soja na bakin ƙohwa suna jiran miƙa mulki bayan shekara 13, in anka ce a sake, wa yas san abin da za ya biyo baya. Alƙalan ga mutane na, cikin ƙasar suka zaune.

Abu Hanan: Yauwa Baba, ka faɗi abin da nake nufi da bakinka. Ashe ba lissafi ba ne, duba yanayi ne. Barista ya lissafo hanya uku, to wa ke zaɓar wadda za a bi? Shi alƙalin. In yana son ka ci sai ya ce harafi, in harafin bai yi masa ba sai ya ce manufa. Ku duba makwabtanmu Zamfara, 24 ga Mayu 2019, mutane sun fito sun zaɓi APC tun daga gwamna har 'yan majalisa, kotu ta ce ba a yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta ce ba don haka ƙuri'un duka asara ne, aka ba wanda ya zo na biyu, a nan ba wanda ya ce a duba manufar zaɓe wato abin da jama'a ke so. A Ribas 2007 kuma Amaechi ko sunansa babu a takarar ranar zaɓe aka ce shi ne gwamna don jam'iyya aka zaɓa ba mutum ba. Sannan 2023 aka zo kan ko dole ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu kashi 25 na ƙuri'un Abuja, aka ce a'a kar a tsaya kan harafi. Yau nan gobe can.

Malam Na Ƙofar Atiku: Bismillah. Ina son in sa baki don kada a ɗauka wanga al'amari Turawa sunka kawo shi. Malaman usulu sun daɗe da shi. Bayan yaƙin Ahzab Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ce kada wani ya yi sallar La'asar sai a Bani Ƙuraiza, hadisin na cikin Buhari. La'asar ta riski sahabbai bisa hanya, wasu sunka ce ba mu salla sai mun isa don haka anka ce muna, wasu sunka ce abin da aka nuhi mu yi sauri ba mu bar lokaci shi hita ba, sunka yi sallarsu. Da anka gaya mai bai zargi kowane ɓangare ba. Ga masu lafazi ga masu manufa, duka sahabbai, duka da niyya mai kyau. Haka Alƙur'ani ya ce kada ka ce wa iyaye "uf", ba a ambaci duka ba a ayar, amma ba malamin da zai ce tunda ba a ambata ba ya halatta, hanin ƙarami ya haɗa da babba. Shi kuma wancan da Barista yac ce an hana mai gadon uwarsa, mu hadisi ya riga ya yanke, mai kisa ba ya gado.

Saboda haka Abu Hanan, saɓanin fahimta ba shi ke nuna son rai ba koyaushe. Amma malamai sun sa iyaka, sun ce ba a ijtihadi inda nassi ya zo a fili. Tawili sai da dalili, kuma sai lafazin na iya ɗaukar ma'anar da aka juya shi gare ta. Tambayar Ɗan Mabera ke nan a gani na, shin wancan sashe nassi na ko zahiri na mai karɓar tawili?

Barista Arkilla: Allah gafarta Malam, ka ajiye tambayar daidai inda take. Kafin in amsa bari in ba Abu Hanan misali na gida wanda duk muka gani da idonmu. An rantsar da Wamakko gwamnan Sakkwato 29 ga Mayu 2007, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta soke zaɓen a Afrilun 2008, aka sake a Mayu ya ci aka sake rantsar da shi. Sashe na 180 ya ce wa'adin gwamna shekara huɗu ne daga ranar da ya yi rantsuwa. To wace rantsuwar? Gwamnoni biyar da abin ya shafa, namu da na Adamawa, Kogi, Bayelsa da Kuros Riba, suka ce ta biyu, tunda zaɓen farko an soke shi kamar ba a yi ba. Babbar Kotun Tarayya ta yarda, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yarda, shi ya sa ba mu yi zaɓen gwamna a Afrilun 2011 tare da sauran jihohi ba. Sai 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta ce a'a, in aka bi wannan karatun mutum zai yi shekara biyar a zango ɗaya, har ya wuce takwas a biyu, alhali duk ginin kundin a kan huɗu da takwas yake, kuma shekarar da ya yi yana sa hannu a kasafi yana naɗa kwamishinoni ba ta goguwa don an soke zaɓe. Rana ɗaya aka sauke su biyar, kakakin majalisa ya riƙe jihar har aka yi zaɓe a Fabrairu. Gwamnoni biyar na jam'iyya mai mulki a lokacin fa. In da alƙali kullum mai ƙarfi yake bi da ba a yi wannan ba.

Na Abuja kuma ba tsallake harafi aka yi ba. Sashe na 134 ya ce rubu'in ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi da Abuja. Ana iya karanta shi Abuja na cikin lissafin, ana iya karanta shi Abuja sharaɗi ce daban. Duka biyun jimlar na ɗauka. Sai kotu ta duba sashe na 299 da ya ce a ɗauki Abuja tamkar ɗaya daga cikin jihohi, ta kuma ce ba dalilin da zai sa ƙuri'ar mutumin Abuja ta fi ta mutumin Illela ko Tangaza nauyi. Ƙa'idar ita ce ba a tsinke sashe ɗaya a karanta shi shi kaɗai, kundin gaba ɗaya ake dubawa.

Abu Hanan: Na ji na Wamakko, wannan kam hujja ce. Na Zamfara fa?

Barista Arkilla: Na Zamfara ya yi zafi amma dokar zaɓe ta 2010 sashe na 87 ta ce dole jam'iyya ta yi fidda gwani, kuma 'yan jam'iyyar ne da kansu suka kai ƙarar. Abin da ke hana alƙali sakin jiki ba waɗannan hanyoyi uku ba ne su kaɗai, a nan na yarda da kai. Abin da ke riƙe shi, dole ya rubuta dalilinsa kowa ya karanta, dole ya bi hukuncin kotun da ke samansa, in fassarar kundi ce a Kotun Ƙoli mutum bakwai ke zama kuma wanda bai yarda ba ya rubuta nasa kamar Eso, sannan majalisa na iya zuwa ta toshe. Bayan Amaechi sai da aka sa sashe na 141 a dokar zaɓe ta 2010 cewa kotu ba za ta ayyana wanda bai shiga duk matakan zaɓe ba. Maganar wa'adi ma an ƙara wa sashe na 180 cewa in an sake zaɓe wanda ke kan kujera ya ci, lokacin da ya riga ya yi na cikin lissafi.

Ɗalibin Lauya: Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji na lafazi da ba a ambata ba. Misali a rubuta a ƙofar kasuwa an hana shigowa da mota, babur, keke napep da sauran abin hawa. Mai raƙumi ya zo, shi ma abin hawa ne ai, amma ƙa'idar ta ce kalmar gama-gari in ta biyo bayan jerin abubuwa to jinsinsu take nufi, waɗancan duka masu inji ne, don haka raƙumi bai shiga ba. Sannan akwai Dokar Fassara ta 1964 da ta ce in doka ta ce "shi" ta haɗa da mace, in ta ce ɗaya ta haɗa da jam'i sai in an nuna akasi.

Malam Na Ƙofar Atiku: A laihuka kuma ai ƙuntatawa aka yi ba faɗaɗawa ba, ko ba haka ba Barista? Mu dai muna da ƙa'idar a tunkuɗe haddi da shubuha.

Barista Arkilla: Haka ne Malam, can ma in dokar laifi na da fuska biyu wadda ta fi sauƙi ga wanda ake tuhuma ake ɗauka. Sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum sai laifin na rubuce da hukuncinsa, kuma ba a yi masa hukunci da dokar da ta zo bayan aikin. Shari'ar nan ta Safiya Hussaini kan zargin zina da ta taso daga kotun Gwadabawa a 2001 wadda duniya ta yi ta magana, cikin dalilan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta nan Sakkwato ta bayar a Maris 2002 da ta soke hukuncin har da cewa abin da ake zargi ya riga dokar fara aiki. Alƙalanmu na Musulunci ne suka yanke wannan, ba wani ya zo daga waje ba.

Maman Sadiq: Sannunku da ƙoƙari, ina ta karantawa ban sa baki ba. Ni malamar firamare ce, albashinmu da gyaran ajinmu duk daga kuɗin nan suke fitowa, saboda haka wannan magana ba ta littafi ba ce a wurina. Barista har yanzu ba ka amsa tambayar Malam ba, kai a ganinka daidai suka yi ko a'a? Don ni in ka tambaye ni, dokar da aka yi don kuɗi su iso ƙauye in ta zama ita ce ke tare su, alƙalin da ya ce shi harafi kawai ya sani bai yi adalci ba.

Barista Arkilla: Hajiya zan faɗi ra'ayina ba ɓoye-ɓoye. Ɓangaren kantomomi ba ni da ko ɗigon shakka, sashe na 7 a fili yake, gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa nasa, kuma kotu ta sha faɗin haka kafin 2024. Ɓangaren cewa jiha ba ta da ikon riƙe kuɗin ko kashe su a madadin ƙananan hukumomi shi ma daidai ne, rubutun ya ce don amfaninsu. Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne tsallake asusun haɗin gwiwar gaba ɗaya, don a nan lafazin umarni ne, an ma ba asusun suna, da wuya ka ce yana ɗaukar ma'anar in an ga dama. Da yaren Malam, ya fi kusa da nassi. Ina son sakamakon ƙwarai, amma ƙofar da aka buɗe ba ta san mai kirki da mugu ba, gobe wani zama na kotu zai iya cewa wani sashen da ke kare ki ma bai yi aiki ba don haka a ajiye shi. Gyaran da zai daɗe shi ne a gyara sashe na 162 ɗin kansa.

Maman Sadiq: To ai an gwada Barista. Majalisar tarayya ta amince da gyaran a 2022 aka aika wa majalisun jihohi, sashe na 9 na son jiha 24 su yarda, ba a samu ba, ya mutu a nan. Kuma kowa ya san dalili, 'yan majalisar jiha ba sa tsallake maganar gwamna a kan kuɗi. Kana cewa mu jira waɗanda ke cin moriyar abin su gyara shi da hannunsu, yara kuma na zaune a ƙasa rufin aji na yoyo, shekara nawa za mu jira?

Abu Hanan: Wannan ma shi ya fi tayar min da hankali Hajiya. An kai gyara inda doka ta ce a kai, aka ƙi, sai kotu ta yi shi da alƙalami. Ke kin ga ceto, ni na ga mutum bakwai sun yi abin da majalisu 36 suka kasa haɗuwa a kai.

Maman Sadiq: Majalisun da ba su da bakin kansu ba za ka kafa min hujja da shirunsu ba.

Ɗan Mabera: Barista tambaya ta ƙarshe daga gare ni, in wata jiha ta yi tata dokar ta ce ciyamomi su dawo da wani kaso cikin asusun jiha bayan an tura masu, wannan fa?

Barista Arkilla: Sashe na 287 ya ce hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan kowa a duk faɗin ƙasar, sashe na 1 kuma ya ce duk dokar da ta ci karo da kundi ta faɗi gwargwadon karon. Amma jihar za ta ce sashe na 7 da 162 ƙaramin sashe na 8 sun ba majalisarta ikon tsara harkar kuɗin ƙananan hukumomi, kuma su ma ba a goge su ba. Sai wani ciyaman ko Antoni Janar ya shigar da ƙara, a koma gaban alƙalan su faɗi iyakar abin da hukuncinsu na farko ya rufe. Ciyaman ɗin da zai kai gwamnansa kotu kuwa, sai wanda jama'a suka zaɓa da gaske, kuma har yanzu hukumar zaɓe ta jiha ke shirya zaɓensu.